Ɗan Tsere Wanda Ya Koma Da Baya

Akwai wata tambaya da mu ke so mu sa a gaban masu karatu a wannan wata. Idan mutum yana tsakiyar aikin da ya yi shekaru yana shiri dominsa, sai wani ya faɗi a gabansa, wanne ya fi kyau, ya wuce ya cika aikinsa ko kuwa ya tsaya? A baki amsar ba ta da wuya, kowa zai ce a tsaya. Amma tsayawa tana da tsada, kuma wanda ya tsaya shi ne ya ke biya. Domin mu ga nauyin zancen, bari mu ɗauko wani abu da ya faru a filin tsere a ƙasar Ostareliya cikin shekara ta 1956.

Yadda tseren mil ya ke

Tseren mil guda yana cikin gudun matsakaicin zango, watau ya fi gudun yadi 100 nisa ƙwarai, amma bai kai dogon gudu na mil shida ba. Mil guda yadi 1,760 ne, ko mita 1,609, kuma sau huɗu a ke kewaya fili kafin a cika shi. Wanda ya ke so ya gama cikin minti 4, tilas ya cinye kowane kewaye cikin daƙiƙa 60, watau kusan mita 7 a kowace daƙiƙa. Ba a ba kowa layinsa kamar yadda a ke yi a gajeren gudu. Duka sukan matsu a gefen ciki, gama wanda ya bi layi na biyu ya ƙara wa kansa wajen mita 7 a kowane kewaye. Ga shi kuwa takalmansu suna da ƙusoshi a tafi domin su kama ƙasa. Inda mutane su ke a matse haka, tuntuɓe ba abin mamaki ba ne.

Masu wannan gudu sukan ce kewaye na uku ya fi wuya, gama ƙarfin farko ya ƙare, ƙarshe kuwa bai zo kusa ba. Wanda ya tsaya a nan ya yi hasara biyu. Lokaci ya wuce shi, sa'an nan sai ya kashe sauran ƙarfinsa kafin ya komo kan saurin da ya bari.

Mutumin da mu ke zancensa

An haifi John Landy a birnin Melbon cikin 1930. Ya karanta ilmin noma a jami'a, ya kuma yi aikin koyarwa. A zamaninsa ba a biyan 'yan tsere irinsa kuɗi domin sun ci, suna kaɗai a ke samu. Ran 6 ga Mayu 1954 wani Baturen Ingila, Roger Bannister, ya zama mutum na fari da ya yi mil guda ƙasa da minti 4, a garin Oksfod, cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4. Bayan kwana 46 Landy ya yi shi a Turku ta ƙasar Finlan cikin minti 3 da daƙiƙa 58, kambun duniya ya koma hannunsa. Ran 7 ga Agusta na wannan shekara su biyu suka gamu a birnin Bankuba na Kanada. Landy yana gaba har kwana ta ƙarshe, sai ya waiwaya ta hagu domin ya ga inda Bannister ya ke, Bannister kuwa ya wuce shi ta dama ya ci.

Cikin watan Maris 1956 aka yi gasar tsere ta ƙasar Ostareliya duka a Melbon. Shekarar nan ce birnin zai karɓi wasannin Olamfik, saboda haka idon kowa yana kan gasar. Har yanzu Landy ne ke riƙe da kambun duniya, dubban mutane kuwa suka taru suna begen ya kafa sabon lokaci a gabansu. Cikin abokan tserensa akwai wani saurayi ɗan shekara 19, sunansa Ron Clarke.

A farkon kewaye na uku ƙafar Clarke ta sarƙe da ta wani, ya faɗi. Landy yana bayansa, ya yi tsalle ya ƙetare shi, amma ƙusoshin takalminsa suka yage Clarke a hannu. Sauran suka wuce. Landy ya tsaya, ya juyo da baya domin ya duba yaron, ya ba shi haƙuri. Clarke ya tashi, ya ce masa ya ci gaba da gudu. Landy ya bi sawun waɗanda suka yi masa nisa, ya tarad da su ɗaya bayan ɗaya, ya ci tseren cikin minti 4 da daƙiƙa 4.2. Tsakanin wannan da kambunsa na duniya daƙiƙa 6 ne da 'yan kai, da yawa cikin masu kallo kuwa sun ɗauka cewa tsayawar ta cinye masa kusan haka.

Abin da masu suka za su ce

Kada mu yi garajen yabo tun ba mu ji ɗaya gefen ba. Akwai suka iri uku, kowanne da nauyinsa.

Na fari, za a ce ba laifin Landy ba ne. Ba shi ya ka da yaron ba, tsallen da ya yi ma domin kada ya taka shi ne. Don me zai biya bashin da bai ci ba?

Na biyu, za a ce tsayawar ba ta amfani Clarke da kome ba. Landy ba likita ba ne, akwai ma'aikatan fili da aka ajiye domin irin wannan, yaron kuwa ya tashi da ƙafarsa.

Na uku, za a ce amana ce a wuyansa. Mutane sun bar ayyukansu sun zo, ƙasarsa ta sa rai gare shi, abokan tserensa ma suna da hakkin ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wanda ya shiga tsere ya yi alkawarin gudu.

Amsarmu

Game da na fari, gaskiya ne ba da gangan ya yi ba. Amma ƙusar tasa ce, jinin kuwa na Clarke ne. Rashin niyya yakan kuɓutar da mutum daga hukunci, ba ya kuɓutar da shi daga kula. Direban da yaro ya faɗo gaban motarsa ba tare da laifinsa ba, alƙali zai sallame shi, amma idan ya wuce ko waiwaye bai yi ba, dukanmu mun san abin da za mu ce a kansa. Mutumin kirki yakan tambayi kansa abu biyu: ko na yi laifi, da kuma ko wani ya ji ciwo ta hannuna. Yawancinmu mukan tsaya a tambaya ta fari, gama ita ce mai sauƙin amsawa.

Game da na biyu, mu da mu ke karanta labarin mun san raunin bai yi tsanani ba. Landy bai sani ba sa'anda ya juya. Abin da ya sani shi ne ƙarfe mai tsini ya shiga jikin mutum. Daidai ne a auna aikin mutum bisa ga abin da ya sani a lokacin da ya yi shi. Har wa yau, ba magani kaɗai ne amfani ba. Saurayin da ke kwance a ƙasa ya ga gwanin duniya ya bar tserensa ya komo wurinsa. Wannan ya nuna masa cewa an ɗauke shi mutum, ba a ɗauke shi kamar kututture a kan hanya ba.

Game da na uku, lalle akwai gaskiya a ciki, ba za mu ɓoye ba. Dokar tsere ba ta ce kowa ya tsaya ba, waɗanda suka wuce kuwa ba su yi zunubi ba. Da kowane ɗan tsere zai tsaya duk sa'anda wani ya yi tuntuɓe, da ba a taɓa gama tsere ba. Abin da Landy ya yi ya wuce abin da doka ta nema, shi ya sa mu ke kiransa alheri. Amma mu lura, bai jefar da amanar ba. Da ya ga yaron ya tashi, bai zauna yana jiran a yabe shi ba, sai ya koma bakin aikinsa da dukan ƙarfinsa. Ya sa abubuwa biyun bisa jerinsu, lafiyar mutum tukuna, sa'an nan lamba.

Da bai ci ba fa?

Ga inda zancen ya ke da haɗari. Muna son wannan labari domin ya ƙare da daɗi. Muna gaya wa yara, "Kun gani, ya tsaya kuma ya ci." Idan ba mu yi hankali ba, sai mu koya musu cewa alheri ciniki ne mai riba, wanda ya yi shi zai karɓi ladansa kafin faɗuwar rana. Ranar da yaron ya yi alheri ya yi hasara, sai ya ce an ruɗe shi.

A ce Landy ya zo na ƙarshe. Shin aikinsa ya ragu da kome? Ko kaɗan. Kyan abin ya riga ya cika sa'anda ya juya, tun ba wanda ya san yadda tseren zai ƙare. Cin da ya yi shaida ce ta ƙarfin ƙafafunsa da shekarun da ya yi yana horon jikinsa. Juyawar ce shaidar halinsa. Kada mu gama su wuri ɗaya.

Ko da ya ke ya ci, ya biya. Mita 40 ne mai gudu irinsa ya ke ci cikin daƙiƙa 6, ranar nan kuwa ba ta komo ba. Bai sāke kafa sabon lokaci na duniya a gudun mil ba, cikin 1957 Derek Ibbotson na Ingila ya karɓe kambun. A wasannin Olamfik na Melbon, a gaban mutanen garinsa, na uku ya zo a tseren mita 1,500, Ron Delany na ƙasar Ailan ya ɗauki zinariya. Clarke kuwa, wanda shi ne ya kunna wutar buɗe wasannin nan, daga baya ya kafa sabon lokaci na duniya har sau 17, amma bai taɓa cin zinariyar Olamfik ba, tagulla ya samu a Tokiyo cikin 1964. Duniya ba ta raba lambobinta bisa ga kirki. Akwai masu tsayawa da yawa waɗanda suka zo a baya, ba wanda ya rubuta sunansu, aikinsu kuwa bai kasa na Landy ba.

Daga ina tsayawar ta fito?

Cikin daƙiƙa guda ba a zaunawa a yi shawara. Abin da ke cikin mutum shi ne ya ke fitowa. Akwai wani abu da ya nuna irin zuciyar Landy tun kafin wannan rana. Gab da tseren Bankuba ya taka fasasshen ƙwan fitilar mai ɗaukar hoto, tafin ƙafarsa ya tsage har aka ɗinke shi. Ya so a rufe zancen, bai kuwa mai da shi hujjar rashin cinsa ba, domin kada ya rage wa Bannister darajar nasararsa. Mutumin da ya saba ganin abokin gasa a matsayin mutum, shi ne ƙafarsa za ta juya da kanta ranar da wani ya faɗi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yadda ɗan tsere ya ke horon numfashinsa kowace safiya, haka a ke horon hali cikin ƙananan abubuwa waɗanda ba mai gani.

An ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla domin tunawa da Landy. Na Bankuba, na 1967, yana nuna shi yana waiwaye Bannister yana wuce shi. Shi kansa ya yi raha da wannan, ya kwatanta kansa da matar Lutu, ya ce ita ta zama gishiri saboda waiwaye, shi kuwa tagulla ya zama. Na Melbon, na 2002, yana nuna shi ya sunkuya wurin Clarke. A waiwaye na fari yana neman inda abokin gasa ya ke domin ya tsare wurinsa. A na biyu yana neman inda ɗan'uwa ya ke, ko da wurin nasa zai tafi. Landy ya zama Gwamnan Jihar Biktoriya daga 2001 zuwa 2006, ya rasu cikin 2022. Bai so a yawaita yabonsa a kan abin da ya faru ran nan ba, amma da shi mutanen ƙasarsa suka fi tunawa da shi.

Tseren da mu ke ciki

'Yan'uwa, kaɗan ne cikinmu za su sa takalma masu ƙusa, amma dukanmu muna cikin tsere. Ɗalibi yana neman ya zo na ɗaya, ɗan kasuwa yana neman ciniki, ma'aikaci yana neman ƙarin girma. Babu laifi cikin wannan, gama ragwanci ba tawali'u ba ne, wanda aka ba shi baiwa kuwa ya kamata ya yi gudu da ita da gaske. Amma hanya a matse ta ke, wata rana kuwa ƙusarmu za ta sami wani ba da nufinmu ba. Maganar da muka faɗa domin mu kāre kanmu za ta ɓata sunan abokin aiki. Rangwamen da muka yi zai kashe kasuwar gwauruwar da ke kusa da rumfarmu. Ba dokar da za ta kama mu, mutane ma za su ce mu ci gaba.

A ran nan, bari mu juya mu duba wanda ya faɗi, mu ba shi haƙuri, mu taimake shi ya tashi, sa'an nan mu koma bakin aikinmu. Watakila mu tarad da waɗanda suka wuce, watakila ba za mu tarad da su ba. Kowa ya tambayi kansa tun yau: idan na san ba zan ci ba, zan tsaya?