Gola na Biyu: Tsakanin Buri da Hassada

Duk ranar da Gombe United ke wasa a filin Pantami, idanunmu a kan 'yan wasa 11 suke. A benci kuwa akwai gola na biyu. Da shi aka yi atisaye mako guda cur, amma galibi har a busa tashi bai taɓa ƙwallo ba. Ɗan gaba yakan sami minti 20 a ƙarshen wasa. Shi kuwa ƙofarsa ba ta buɗewa sai na farko ya ji rauni, ko an kore shi, ko hannunsa ya fara zuba.

Shin mutum zai iya burin abin da ba ya samuwa sai ɗan'uwansa ya faɗi, zuciyarsa kuma ta tsira daga hassada? A ganinmu zai iya, muddin ya ɗora burinsa a kan shiri, ya bar wa Allah zaɓen lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A shekarar 1994 Nijeriya ta doke Zambiya da ci 2 da 1 a Tunisiya, ta ɗauki kofin Afirka. Peter Rufai ne ya tsare raga, Alloy Agu da Wilfred Agbonavbare suna benci. Nasarar tasu ce su ma, domin sanin akwai gwani a baya shi ke hana na gaba sakaci.

Haka na'ibin liman yake, haka mataimakin shugaban sashe. Amanarsu ita ce su roƙa wa na gaba lafiya da zuciya ɗaya, alhali suna shirye su gaje shi.