Kada Ki Ajiye Makirufo

Ke da ke tsaye tsakiyar fili da makirufo a hannu, gumi na zuba, mata na rangaɗa guɗa, da ke nake magana. Da ke da kika wuni a situdiyo a Zoo Road kina maimaita baiti ɗaya har murya ta dushe, da ke 'yar amshi da ba a ko ambaton sunanki, da ke mai kiɗan ƙwarya a gidan suna. Sannunku da aiki. Sana'a ce kuke yi, da ita kuke biyan haya, da ita kuke sayen maganin iyaye, kuke kai ƙanne makaranta, kuma babu mai ikon sa ku sunkuyar da kai a kanta.

Kun san abin da ke faruwa fiye da kowa. Mutum ya ratso taro da bandir ɗin sababbin kuɗi, wai liƙi zai yi. Goshi na nan, faranti na nan a ƙasa, amma hannunsa sai ya nufi ƙirji, ya kuma ƙi janyewa da wuri. Wani ya ce hoto kawai yake so, kafin ki ankara ya rataya hannu a kafaɗarki. An tashi daga wasa, wani ya tare ƙofar mota sai kin ba shi lamba. Ƙarfe biyu na dare waya ta hau ruri, saƙo na bin saƙo: yau "ni masoyinki ne na haƙiƙa", gobe hoton da mai kunya ba zai iya kallo ba. Ranar da kika ce a'a, bakin da ya kira ki tauraruwa shi zai kira ki 'yar iska a TikTok, ya tara abokai su taya shi. Mawaƙi namiji ya saki waƙa, a yi ta muhawara kan kalmominsa da karin muryarsa. Ke kika saki taki, sai a koma kan jikinki, da kayan da kika sa, da tambayar da ba ta ƙarewa: yaushe za ki yi aure?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake juyo da laifin kanki. A ce ai ke kika fito, wadda ta shiga fili ta sayar da mutuncinta. Wannan ƙarya ce, kuma ina so ki ji ta a matsayin ƙarya har cikin zuciyarki. Wanda ya yi liƙi ya biya kuɗin waƙar da ta faranta masa rai, iyakarsa ke nan. Wanda ya miƙa hannu inda bai halatta gare shi ba, shi ya zubar da mutunci, nasa kuma ya zubar. Addininmu ya umarci namiji da runtse ido tun kafin a zo batun hannu, kuma ba a ɗauke masa wannan umarni ranar biki ba.

Ba ku kuka fara wannan hanya ba. Barmani Choge ta tashi daga Funtuwa da ƙwarya da 'yan amshinta, ta shekara da shekaru tana gaya wa mata su kama sana'a, har ta rasu a 2013 sunanta na bakin kowa. Kafin ita akwai Uwaliya Mai Amada a Kano. Kiɗan amada kuwa a cikin gida ya girma, mata ke kaɗawa, mata ke rawa, mata ke biya. Ku riƙe wannan da kyau: kasuwarku ta asali mata ce, kuma har gobe uwar amarya da ƙawayenta ne ke kiran ku. Ba alfarmar wani mai bandir kuke ci ba. Da fim ya zo, muryoyin Fati Nijar, 'yar Maraɗi, da Maryam Fantimoti, da Maryam Sangandali ne suka ɗauki finafinai masu yawa zuwa kasuwa, alhali fuskar wata ake gani tana motsa baki. A cire muryar mace daga waƙoƙin Kannywood a ga abin da zai rage.

Ku kuma tuna Magajiya Ɗambatta. Gidajen rediyo sun sha sa waƙoƙinta, amma tsufa ya same ta da makanta tana bara, sai da mutanen kirki suka yi mata karo-karo kafin rasuwarta a 2021. Tafi ba ya cika tukunya. Saboda haka ku yi ciniki da idon basira. Ku karɓi kafin alƙalami kafin ku bar gida, domin wadda ba a biya ba ita ake riƙewa har tsakar dare ana ce mata ta biyo Alhaji masauki ta karɓa. Ku faɗi sharaɗinku tun ranar da aka zo kama ku: liƙi a faranti, fili da iyaka, mota tana jira a bakin ƙofa. Ku ware layin sana'a daban, ku damƙa shi hannun wanda kuka amince da shi. Kada ku tafi wasa ku kaɗai.

Saƙon batsa da barazana kuwa, kada ki yi saurin gogewa don baƙin ciki. Ɗauki hotonsa ki adana. Tun 2015 Najeriya ke da dokar laifukan intanet da ta haramta yi wa mutum barazana ta waya, da kuma dokar VAPP da ta sa bibiyar mutum da tsoratar da shi cikin laifuka, wadda jihohi da dama, har da Kaduna, suka yi tasu. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na da rassa a jihohi, aikinta ke nan. Wanda ke cika baki a bayan waya, murya takan canza masa idan takardar sammaci ta iso.

Sannan ku daina haɗiye abin ku kaɗai. Wanda ya taɓa ki a Kaduna shi zai je wa 'yar'uwarki a Zariya mako mai zuwa. Ku gaya wa juna sunayensu, da gidajen wasan da ba sa kare mawaƙiya, ku haɗa baki ku ƙi zuwa. Manya su ja ƙanana a jiki, domin yarinyar da ta shigo jiya ita aka fi yi wa tarko da alkawarin za a ɗaukaka ta.

Ku kuma 'yan'uwa maza da ke cin abinci a inuwa ɗaya da su, makaɗi da DJ da MC da mai situdiyo, kuna gani, kada ku kau da kai. Duk sa'ad da hannu ya wuce iyaka, a kashe kiɗa nan take, fili ya yi tsit, MC ya faɗi dalili a lasifika, a raka mutumin waje da kuɗinsa a hannu. Bayan nan a tayar da kiɗa, ita kuma ta ɗora daga baitin da ta tsaya.