Arzikin Teku: Halal Ne, Kuma Amana Ne

A wannan mako za mu duba wata mas'ala da ta shafi cikin kowa, har wanda bai taɓa ganin teku ba.

Yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8 a shekarar 1444 ta Hijira, watau 2022. Gonaki suna gajiya, dazuzzuka suna ƙarewa, ma'adinai kuma sai an yi haƙa mai zurfi kafin a same su. Saboda haka hankalin ƙasashe ya koma kan teku, wanda ya rufe fiye da kashi 70 cikin 100 na doron duniya. Tambayar ita ce: tun da teku ba gonar kowa ba ne, shin wanda ya fi ƙarfin jirgi yana da damar ya kwashe abin da ke cikinsa iyakar son ransa?

Malaman fiƙihu sun sanya kifin teku cikin abin da suke kira mubahi, watau abin da ba mallakar wani ba ne, wanda ya riga kama shi ya zama nasa. Mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ta yalwata ƙwarai wajen halaccin dabbobin ruwa. Suratun Nahli ta lissafa teku cikin ni'imomin da aka hore wa ɗan Adam domin abinci da ado da sufuri. Amma Suratur Rum ta yi gargaɗi cewa ɓarna tana bayyana a tudu da ruwa ta dalilin aikin hannun mutane. Ashe ke nan wanda ya karanta ta farko ya bar ta biyu ya ɗauki rabin darasi.

Tarihi ya gaskata wannan gargaɗi. A gaɓar Niyufanlan da ke gabashin Kanada, masunta sun yi ɗaruruwan shekaru suna kama kifin da ake kira kod, suna ci suna sayarwa, bai ƙare ba. Sa'ad da manyan jiragen zamani suka zo da tarunan da ke sharar ƙasan teku, sai suka riƙa kwashe iyaye da 'ya'ya gaba ɗaya. A 1992 tilas gwamnatin Kanada ta hana kamun kifin, dubban mutane suka wayi gari ba sana'a. Sai a 2024 aka sake buɗe kamun na kasuwa, shi ma ɗan kaɗan. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 na garken kifin teku ake kamawa fiye da yadda zai iya hayayyafa. A 2021 abin ya kusa kashi 38.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Kifin ƙanƙara da uwargida take saye a kasuwa daga teku ya fito. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya an kafa masana'antu masu niƙa ƙananan kifaye su mai da su gari, a kai ƙasashen waje a ciyar da dabbobi da kifin kiwo, alhali kuwa wannan kifi shi ne naman talaka a can. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu kuma ido ya kai har ƙarƙashin teku. A Tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Meziko, akwai wasu dunƙule-dunƙule a zurfin da ya wuce mita 4,000, masu ɗauke da ma'adinan da ake yin batir da su. Masana sun ce kaurinsu yana ƙaruwa da 'yan milimita ne cikin shekara miliyan. Abin da aka ɗebe a rana guda, ba jika ba tattaɓa-kunnen da zai ga madadinsa.

Mai musu zai ce: mayunwaci na yau ya fi wanda ba a haifa ba haƙƙi. Lalle yunwa uzuri ce, Shari'a kuma ba ta hana mabuƙaci. Sai dai a duba wanda yake kwasar. Mai kwalekwale bai ƙarar da kod ba, mai jirgin da ke neman riba ninki ya ƙarar da shi, kuma mai kwalekwalen ne ya fara shan wuya. Ƙa'ida ce tabbatacciya a fiƙihu cewa ana gusar da cuta, kuma shugaba yana da ikon taƙaita mubahi saboda maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza. Keɓe wani yanki na teku, ko hana su lokacin da kifi yake ƙwai, ko hana taru mai ƙananan idanu, duk a wannan babi suke.

Dokar teku ta duniya da aka rattaba wa hannu a 1982 ta kira ƙasan teku mai nisa gadon 'yan Adam baki ɗaya. Musulmi ya fi kowa sanin hukuncin gado: wanda ya riga isa gidan mamaci ba ya cinye rabon maraya don maraya bai iya magana ba. Waɗanda za su zo bayanmu suna da rabo a teku, mu kuwa masu riƙo ne, za a kuma tambaye mu.

Allah Ya sa mu ci halal, mu bar wa na baya. Allah ne Mafi sani.