Dutsen da Ya Faɗo a Gonar Masara

Ya Ubangiji, ga ni a bencin mai shayi a Kasuwar Shanu, gari bai gama wayewa ba. Ana loda bijimai a tirelar da za ta Kudu, dillalai sun fara ɗaga murya. Ni kuwa idona na kan gwangwanin madarar da aka huda yanzu.

Jiya na kwana da labarin wani kumbo a raina. A watan Satumba na 2016 hukumar NASA ta Amurka ta harba OSIRIS-REx, ya je ya ɗebo ƙasa daga wani dutse mai suna Bennu da ke yawo a sararin samaniya. Ya taɓa dutsen na 'yan daƙiƙu a 2020. Sai a Satumba na 2023 saƙon ya sauka a hamadar Utah. Shekara bakwai! Da aka auna, giram 121.6 ne. Ko nauyin wannan gwangwanin bai kai ba.

Ban raina musu ba. Haƙurinsu ma kunya ya ba ni, ni da ciniki ɗaya in ya wargaje sai in wuni ina huci.

Amma sai Gujba ta faɗo mini a rai. A 1984, lokacin tana cikin Jihar Borno, wani dutse ya tsago sama da wuta da ƙara, ya faɗi a gonar masara kusa da Bogga Dingare. Wajen kilo ɗari. Ba wanda ya aika a kawo shi. Ba wanda ya biya ko sisi.

Haka alherinka yake zuwar mini, ya Uba. Ina can ina lissafin abin da zan je in nemo da ƙarfina, ashe ka riga ka ajiye wani a bayan ɗakina.

Mutanen wurin sun farfasa dutsen, kowa ya ɗauki ɗan guntunsa ya tafi. Ban ga laifinsu ba. Sau nawa na yi wa kyautarka haka, don ban gane daga wurinka ta fito ba?

Yau ban san ko za a yi ciniki ba. Zuciyata na so ta riga ni shiga kara. Riƙe mini ita kaɗan.

Mai shayi ya miƙo kofi, da zafinsa. Na gode, ya Ubangiji. Bari in sha tukuna.