Bashi da Mutuncin Gidan Kirista



Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙasar Rurum, ko a ƙauyukan Rano da Kibiya, ya san halin da gidaje da yawa sukan shiga cikin watan Agusta. Shuka ta yi kore shar a gona, amma rumbu ya koma wayam. A lokacin ne magidanci yakan sulale da duku-duku, tun mutane ba su fito ba, ya nufi ƙofar mai hali ya roƙi buhun masara ko 'yan tiyoyin dawa, da alkawarin zai biya da kaka. A wasu wurare buhu ɗaya yakan zama biyu ranar biya. In kaka ta yi sai ya biya, sa'an nan ga kuɗin makaranta, ga Kirsimeti, ga auren 'yarsa. Dole ya kai sauran hatsin kasuwa a daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Kafin wata damina ta raba tsakiya rumbu ya sake ƙarewa, ya koma ƙofar da ya tsaya bara.

Iyayenmu sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya suka faɗa. Amma akwai tambayar da ya kamata kowane gidan Kirista ya yi wa kansa a gaban Allah: cikin bashin da ke wuyanmu, nawa ne yunwa ta sa muka ci, nawa ne kuma kunyar idon mutane ta sa?

Kafin mu amsa, wajibi ne mu faɗi gaskiya game da zamanin, domin kada a ɗora wa talaka laifin abin da ba shi ya jawo ba. Dattawanmu suna tune da 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. 'Ya'yansu kuma sun ga irin nasu. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yuli na wannan shekara, amma manomi ba shi da albashi, kuma kuɗin taki da na motar zuwa Kano ba su jira kowa ba. Saboda haka wanda ya ci bashi domin ya ciyar da iyalinsa, ko domin ya kai mara lafiya asibiti, kada wani ya nuna shi da yatsa.

Littafi Mai Tsarki ma bai mai da cin bashi zunubi ba. A cikin 2 Sarakuna sura 4 mun karanta labarin gwauruwar da mijinta ya rasu da bashi a kansa, ko da yake mutum ne mai tsoron Allah, har mai bin bashin ya tashi zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Annabi Elisha bai tsawata mata ba. Ya fara tambayarta abin da take da shi a gida, Allah kuwa ya sa albarka a kan ɗan man da ya rage mata. Amma mu lura da yadda annabin ya tsara umarninsa: ta sayar da man, ta biya bashin tukuna, sa'an nan ita da 'ya'yanta su rayu da abin da ya saura. Mu'ujiza ba ta shafe haƙƙin mai bin bashi ba. Zabura ta 37 ta lissafta ƙin biyan bashi cikin halayen mugu, Katikisim na Ikkilisiyar Katolika kuma ya sa cika alkawari da biyan bashi a ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata. Watau cin bashi halal ne, amma biyansa al'amarin lamiri ne.

To, in haka ne, ina haɗarin yake? Haɗarin yana cikin abin da bashin ya tafi yi. Akwai bashin da ake shukawa. Wanda ya ranci kuɗin taki, ko ya karɓi injin ban ruwa domin noman rani da ruwan Tiga, ko macen da ta ranci jarin ƙosai, sun sa kuɗin a inda zai iya haihuwa ya biya kansa. Akwai kuma bashin da ake cinyewa rana ɗaya: anko, da akwatunan lefe, da kayan ɗakin da suka fi ƙarfin uban amarya, da tukwanen shinkafar da aka dafa domin kada a ce bikin wane ya fi namu. Littafin Sirak, a ƙarshen sura 18, ya gargaɗi mutum kada ya talauta kansa da yin shagali da kuɗin aro. Gama baƙi za su ci su wanke hannu su watse, amma bashin zai kwana a gidan, kuma hatsin da yara za su ci a watan Agusta ne zai biya shi.

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce mutum ba ya zama shi kaɗai. Gudummawar da na kai bikin wane, ita za a kawo mini ranar nawa. Wanda ya janye hannu daga hidimar dangi, ranar da ciwo ko rasuwa ta same shi zai waiga bai ga kowa ba. Lalle zumunci dukiya ce, sau da yawa ma ita ce kaɗai ajiyar talaka. Ba wanda yake cewa a daina biki ko a rufe ƙofa ga baƙo. Ubangijinmu da kansa ya halarci biki a Kana ta Galili. Amma mu tuna cewa a wannan bikin ma abin sha ya ƙare, Uwarmu Maryamu kuwa ba ta tona asirin masu gida ba, ta kai maganar ga Ɗanta a hankali. Zumuncin gaskiya rufin asiri yake yi. Wanda yake tilasta wa ɗan'uwa ya jinginar da gona domin a ga ya yi bajinta, wannan gasa ce da ta ari sunan zumunci. Ikkilisiya kuwa, domin aure ya tabbata, abin da take nema shi ne yardar ango da amarya a gaban Fada da shaidu biyu. Ba ta ƙidaya akwati, ba ta auna tukunya.

Mutuncin da aka saya da kuɗin aro, shi ma aro ne, kuma mai shi zai zo karɓa. Mutuncin da yake tsayawa shi ne a ce da mutum: in wane ya ce zai biya ranar kaza, to, zai biya.

Sai mu zo ga tambaya mafi wuya. In ya zama dole a rage kashe kuɗi, wa zai fara jin zafin? A gidaje da yawa mai ƙaramar murya ne yake fara ji. A cire yarinya daga makaranta, a rage wa uwargida kuɗin cefane, a ɗage maganin tsohuwa zuwa wata mai zuwa, amma kuɗin burkutu, da na taba, da na cacar ƙwallo, da na katin waya ba a taɓa su ba. Wannan zalunci ne, ko da ba a yi shi da niyya ba. Wanda Allah ya ba shugabancin gida, shi ya kamata ya fara ɗaure cikinsa, gama Makiyayi Mai Kyau kansa ya bayar, bai miƙa tumakin ba. Uban da ya fara rage nasa yana da bakin da zai ce wa iyalinsa bana ba sabon ɗinki, su kuma karɓa ba tare da ɗacin rai ba.

Har wa yau, bashin ɓoye ya fi kowane bashi lalata gida. Miji ya ci bashi matarsa ba ta sani ba, mace ta shiga adashi uku mijinta bai sani ba, sai ranar da mai bin bashi ya yi sallama a ƙofa. Waɗanda suka zama jiki ɗaya a gaban bagade bai dace su zama baƙin juna a kan lissafi ba. Ubangiji ya yi misali, a Luka sura 14, da mai ginin da ya kamata ya zauna ya lissafta kuɗin aikin kafin ya sa harsashi. Saboda haka da zarar an gama sussuka, miji da mata su zauna su ƙidaya buhunan tare. A fara ware abincin da zai kai gidan wata kaka, da iri, da kuɗin makaranta, da ɗan abin da za a ajiye domin ciwo, da baikon godiya ga Allah. Abin da ya saura shi ne na biki, daidai ruwa daidai tsaki. Yusufu ya ceci Masar da ajiye kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi. Wanda yake tsoron ƙwari su cinye masa wake yana iya zuba shi a buhun PICS mai ninki uku, wanda yake tsare shi ba tare da magani ba, ya jira farashi ya tashi.

Wanda kuwa bashi ya riga ya yi masa yawa, ya rubuta duka a takarda, kada ya ɓoye wa kansa ko ɗaya. Ya fara da wanda ruwansa ya fi yawa. Mu ɗauki misali: wanda ya ranci naira 50,000 a kan ruwa kashi 10 cikin 100 kowane wata, zai riƙa biyan naira 5,000 duk wata. In shekara ta zagayo ya biya naira 60,000, uwar kuɗin kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Kada ya ci sabon bashi domin ya toshe tsoho, musamman irin rancen da ake bayarwa ta wayar hannu, wanda wasu masu bayar da shi sukan aika wa dangi da abokan mutum saƙon cin mutunci in ya makara. Kada ya jinginar da gona in akwai wata hanya, gama wanda ya rabu da gonarsa ya rabu da abin da zai biya da shi. In ya ga ba zai iya cika alkawari ba, ya je da ƙafarsa tun ranar ba ta zo ba, ya faɗi gaskiya, ya kai abin da ya samu komai ƙanƙantarsa. Canja hanya in an hango mai bin bashi ƙarya ce da ake yi da ƙafa.

Ga masu bayar da rance a cikinmu ma akwai magana. Shari'ar Musa, a Maimaitawar Shari'a sura 24, ta hana karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, domin da shi ne gidan yake ci. A Nehemiya sura 5, sa'ad da talakawa suka jinginar da gonakinsu saboda yunwa, Nehemiya ya tara manyan gari ya sa suka mayar musu. Kiristan da yake ba da buhu ɗaya a watan Agusta ya karɓi biyu a watan Nuwamba, ya tambayi kansa ko zai iya miƙa wannan ribar a kan bagade ranar Lahadi. Maƙwabtanmu Musulmi ma addininsu ya haramta riba, to, kada a same mu a baya wajen tausayi. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya roƙi a sassauta wa ƙasashe matalauta bashi albarkacin Jubilin shekara ta 2000, Paparoma Faransis kuma ya maimaita roƙon domin Jubilin 2025. Ƙasarmu da kanta ta ɗanɗana wannan jinƙai a 2005, sa'ad da ƙasashen da suke binta suka yafe mata kimanin dala biliyan 18. Wanda aka yafe wa mai yawa, kada ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan kaɗan, kamar bawan nan na Matiyu sura 18.

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida ɗaya ba zai iya rage biki shi kaɗai ba tare da an yi masa dariya ba, amma in jama'ar Ikkilisiya suka yi shawara ɗaya, kunyar ta gushe. Wannan ba sabon abu ba ne. A 1462 'yan ɗariƙar Waliyyi Faransis suka kafa asusun rance mai sauƙi a garin Perugia na Italiya domin su kuɓutar da talakawa daga masu cin riba. A 1955 Fada John McNulty ya taimaki mutanen Jirapa, a arewacin Gana, suka kafa ƙungiyar ajiya da rance. A 1991 kuma matan karkarar Maraɗi a Nijar, Hausawa irinmu, suka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da taimakon ƙungiyar CARE: kowace tana zuba kaɗan duk mako, suna ranta wa juna, tsarin kuma ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Me zai hana Zumuntar Mata da ƙungiyar maza a kowane ƙauye su yi haka? Me zai hana a ware wani kashi na hatsin godiyar kaka a ajiye a rumbun Ikkilisiya, a ranta wa mabukata da damina, buhu ya dawo buhu? Me zai hana dattawa da katikis su zauna su yanke iyakar lefe da anko, masu hali kuma su zama na farko da za su kiyaye ta?

Kowace rana muna roƙon Ubanmu na sama abincin yini, muna kuma roƙon gafara gwargwadon yadda muke gafarta wa waɗansu. Bari wannan addu'a ta bi mu har bakin rumbu da cikin kasuwa. Allah ya buɗa wa wanda bashi ya danne hanyar biya, ya tausasa zuciyar mai bi, ya ba gidajenmu wadar zuci da faɗin gaskiya, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.