Waken Da Tsutsa Ba Ta Ci: Canja Halittar Allah Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a shekarar 2019 aka fitar da wani irin wake a Nijeriya mai suna SAMPEA 20-T, wanda masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka yi aikinsa. An ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙanƙanuwar halitta da ke cikin ƙasa, wadda ake kira Bt, aka dasa ta a jikin waken. Saboda haka tsutsar Maruka, wadda ke cin fure da kwanso, idan ta ci shi sai ta mutu. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas, sau biyu ya ishe shi. To, sai tambaya ta taso: ashe wannan ba shi ne canja halittar Allah ba?

Mai wannan tambaya bai yi wauta ba, gama a Suratun Nisa'i, aya ta 119, an ba mu labarin alwashin Shaiɗan na sa mutane su canja halittar Allah. Amma masu tafsiri da yawa sun ce abin nufi shi ne canja addini, kuma ayar kanta ta haɗa shi da tsaga kunnuwan dabbobi da Jahiliyya ke yi domin gumaka. In da kowane gyara haramun ne, da mangwaro mai aure ya haramta, haka kuma alfadari, ɗan jaki da goɗiya, alhali kuwa Suratun Nahli ta lissafa shi cikin ni'imomi. Kuma Imamu Muslim ya ruwaito cewa da dabinon Madina ya ƙi kyau saboda an daina yi masa barbara, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar wa manoma al'amarin, domin sun fi sanin sana'arsu. Mutum bai halicci wake ba, bai halicci Bt ba, ya dai haɗa abin da ya tarar ne.

Ashe ke nan ma'aunin shari'a a nan shi ne cuta da amana. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta tsaya a Makka a 1998. Ta halatta wannan ilmi a noma da kiwo, da sharaɗin a tsare mutum da dabba da muhalli daga cuta, ko da mai zuwa ce bayan dogon lokaci, kuma a bayyana wa mai saye abin da yake saye.

Sharaɗin nan kuwa ba ado ba ne. A 2008 Burkina Faso ta fara noman auduga mai Bt, amma a 2016 aka bar ta, domin zarenta ya gajarta, darajarta ta faɗi a kasuwa. Tsutsa kuma takan saba da gubar in an yi sakaci, kamar yadda ya faru ga audugar Indiya. Shi kansa waken Samaru ba ya maganin dukan ƙwari, kuma ba ya hana gunda a rumbu. Duk dillalin da ya ɓoye wa manomi wannan, ko ya zuba masa wani iri a buhu da sunan wancan, ya yi algus, algus kuwa haramun ne ba tare da saɓani ba.

Saboda haka nauyi yana wuyan kowa. Masani ya faɗi amfani da aibi baki ɗaya. Hukuma ta ci gaba da sa ido bayan ta ba da izini, ta kuma adana irin kaka da kakanni. Mu kuma malamai, kada mu hau mumbari mu haramta abin da ba mu bincika ba, gama haramta halal ba ya kasa halatta haram muni.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga cutarwa da cutuwa, amin.