Ajali da Kwaɗon Keji

A watan Fabrairu na 2024, a gidan namun daji na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, zaki ya halaka mutumin da ya yi shekaru yana kiwonsa; shekarar ba ta fita ba kuma sai ga irin wannan musiba ta auku a Abeokuta cikin watan Satumba, inda 'yan sanda suka ce an bar ƙofar kariya a buɗe lokacin ba da abinci. A wuraren nan biyu an kashe zakin, an yi ta'aziyya, a bakin jama'a kuwa ba a jin kome sai cewa kwana ne ya ƙare.

Ba ni da jayayya da wannan kalma, domin imani da ƙaddara, mai daɗi da mai ɗaci, yana cikin rukunnan da addini ya tsayu a kansu. Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar da aka tanada don sanyaya zuciyar maraya da matar mamaci takan koma mayafin da masu hukunci ke lulluɓe sakacinsu da shi, alhali malaman fiƙihu, waɗanda suka fi mu sanin ƙaddara nesa ba kusa ba, ba su taɓa ɗauke alhaki daga wuyan mai dabba saboda ita ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ajiye kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi bai ji ba, idan karen ya yi ɓarna shi za a tuhuma. To, in haka hukuncin kare yake, ina ga wanda ya ajiye zaki, yana karɓar kuɗin shiga daga masu kallo, sa'an nan ya tura talaka da guntun nama ya shiga wurinsa? Shi zaki ba mukallafi ba ne. Kashe shi na iya tsare rayukan da suka rage, amma ba ya amsa tambayar da shari'a ke yi.

Dabarun kariyar kuwa ba wani ilmi ne mai zurfi ba: keji mai ɗaki biyu, da ƙofar da ake ja daga waje, ta yadda mai shara ba zai sa ƙafa ba sai an kulle dabbar a ɗaya ɗakin, da mutum na biyu da zai duba kwaɗo da idonsa, da bindigar allurar barci a kusa, a hannun wanda ya iya ta.

Mafi wuyar magani shi ne sabo, domin wanda ya reni zaki tun yana ɗan ƙarami yakan ɗauka akwai amana a tsakaninsu, har ya ga kulle ƙofa tamkar zargin aboki ne, wani ma ya kira wannan ganganci da sunan tawakkali. Ni dai tun ina yaro nake kallon gardawa masu wasa da kura a bakin kasuwa, da layu da guraye har damtse, ana yi musu kiɗa da kirarin cewa sun sha magani sun ƙoshi, amma duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin wanda ya shigo da ita cikin taro ba tare da sarƙa da takunkumi ba.